Daga Zanen Hula Zuwa Darasin Lissafi

Duk gidan Bahaushe a zango, daga Nima da Sabon Zango na birnin Akra zuwa Aboabo ta Kumasi, har Tamale da Salaga, cike yake da darasin lissafi wanda ba a kai ga buɗewa ba. Yana nan a bakin hular maigida, inda maɗinki ya ɗauki zane ɗaya ya zagaye kai da shi har ƙarshensa ya tarar da farkonsa. Yana nan a faifan da uwargida ke rufe ƙwarya da shi, da tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙo, da kitson 'yan mata, da lallen amarya. Yaro ɗan shekara 3 yana ganin waɗannan kullum, yana taɓa su, wani lokaci ma har ya sha faɗa a kansu. Abin da bai cika samu ba shi ne babban da zai zauna da shi, ya ɗora yatsa a kan zanen, ya ce: "Ja, fari, fari, ja, fari, fari, to, me zai biyo baya?"

Ra'ayinmu shi ne wannan 'yar tambaya tana cikin mafi amfanin abin da za mu yi wa ƙananan yaranmu kafin su shiga aji ɗaya. Muna kuma ganin littafi mai hotuna, wanda aka yi da Hausa kuma da kayan da yaro ya sani, shi ne hanya mafi sauƙi ta mayar da tambayar al'adar gida. Irin wannan littafi ya yi ƙaranci a hannunmu, kuma idan muka zauna jiran wani ya yi mana shi, za mu daɗe muna jira.

Abin da muke nufi da tsari

Abin da muke kira tsari a nan shi ne duk wani jeri da ke bin ƙa'ida, ta yadda wanda ya gane ƙa'idar zai iya faɗin abin da ke gaba tun bai gan shi ba. Iri uku ne suka fi shafar ƙananan yara.

Na farko shi ne mai maimaituwa: farin goro ɗaya, jan goro biyu, farin goro ɗaya, jan goro biyu, haka har ƙarshen faranti. Ɗan guntun da ake ta maimaitawa za mu kira shi tubali, domin kamar yadda magini ke ɗora tubali iri ɗaya har katanga ta tashi, haka wannan guntu ke gina dukan jerin. Na biyu shi ne mai ƙaruwa, irin matakalar bene, ko jeri mai ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinsa, uku a ƙarƙashin biyun. Na uku shi ne na daidaito, inda dama da hagu ke amsa juna kamar mutum da surarsa a madubi: fikafikan malam-buɗe-littafi, ko lallen tafin hannu biyu idan aka jera su gefe da gefe.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai wasan yara ne. Wasa ne kam, amma a kansa lissafi ya tsaya. Lambobi kansu tsari ne. Yaron da ya gane cewa bayan ashirin da tara sai talatin, daga nan kuma "da ɗaya, da biyu, da uku" za su sake dawowa, ya huta da haddar lambobi ɗari ɗaya bayan ɗaya, domin ya gano tubalin goma. Kwanakin mako tubali ne mai bakwai, shi ya sa idan yau Talata ce, bayan kwana 14 ma Talata ce. Yarinyar da ta shirya tsakiya uku-uku sau huɗu a zare ta riga ta haɗu da 12 ta hanyar ninkawa, tun ba ta taɓa ganin alamar sau a allo ba. Manhajar lissafi ta firamare da aka fara aiki da ita a Gana a 2019 ta sa sanin tsari da alaƙar lambobi a matsayin ƙofar shiga aljabara tun daga aji ɗaya. Wato malamin makaranta zai nemi wannan basira a wurin ɗanmu, ko mun shirya shi ko ba mu shirya shi ba.

Masu bincike ma sun duba lamarin. A Amurka, Bethany Rittle-Johnson ta Jami'ar Vanderbilt da abokan aikinta sun bi sawun yara 517, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, tun suna shekara 4 har suka kai 11. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna cewa iya sarrafa tsari mai maimaituwa tun kafin firamare yana cikin abubuwan da ke nuna yadda yaro zai kasance a lissafi idan ya kai aji biyar, tare da iya ƙirga da sanin yawa da ƙaranci. Muhimmancin wannan a gare mu shi ne yaran da aka bincika 'ya'yan talakawa ne, kuma basirar da ake magana a kai ba ta buƙatar kayan wasa masu tsada.

Gadon da ke hannunmu

Bai kamata a ce daga waje za mu ji labarin tsari ba, domin sana'o'inmu a kansa suka ginu. Maɗinkin hula ba ya fara zare sai ya auna zagayen kai ya raba shi, don zanen ya rufe ba tare da an bar rabin tubali a ƙeya ba. Wannan rabawa ce wadda ba ta barin saura. Masaƙi yana ƙirga zaren tsaye, baƙi kaza, fari kaza, kafin saƙi ya fito da ɗigo-ɗigonsa irin na gashin zabo. Mai kitso tana tsaga kai gida biyu daidai, abin da ta yi a dama ta mayar a hagu. Mai aikin babbar riga ya san inda aska biyu ke zama da inda aska takwas ke zama, ya san yadda dagi ke shiga ƙarƙashi ya fito sama, ya sake shiga ya sake fita, ba tare da ya karya ƙa'ida ko sau ɗaya ba. Masu wasan dara suna neman jera uku a layi cikin gidaje 30, kowa da 'ya'ya 12.

A makarantar allo ma haka abin yake. Idan yaro ya gama babbaƙu ya shiga farfaru, abin da yake rerawa tsari ne: ba, bi, bu, ta, ti, tu. Baƙi yana sauyawa, wasula uku suna nan yadda suke. Idan ya girma ya yi sauka, allon da za a yi masa zayyana cike yake da murabba'i da da'ira da layuka masu amsa juna. Harshen kansa haka yake tafiya: ƙofa, ƙofofi, taga, tagogi, hanya, hanyoyi. Idan aka ji yaro ya ce "saniyoyi" a maimakon shanu, kafin a yi masa dariya a gane cewa ƙa'ida ya gano da kansa, ya kai ta inda ba ta zuwa. Hankalin da ya yi wannan aiki shi ne hankalin da lissafi ke nema.

Muna da magabata a fagen ilimin ma. Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, malamin da ya fito daga Katsina ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 inda ya bayyana ƙa'idojin jera lambobi a gidajen hatimi, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 9, inda aka jera 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Ko mene ne ra'ayin mutum game da amfanin da wasu ke yi da hatimi, ƙa'idar jera lambobin lissafi ce zalla, kuma masu tarihin lissafi a Afirka suna ambaton sunansa saboda ita.

Ɗan zango kuwa yana da ƙari a kan wannan. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ta hanyar fataucin goro, suka zauna cikin al'ummomin da su ma gwanayen zane ne. Masaƙan kente na Bonwire suna saƙa ƙyalle siriri mai faɗin kimanin tafin hannu, su haɗa ɗaya gefen ɗaya har zane ya cika, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. A Ntonso ana buga tambarin adinkra da aka sassaƙa a ɓawon ƙwarya, layi bayan layi. Batakarin arewa yana da ratsinsa, kwandunan Bolgatanga suna da nasu, matan Sirigu kuma suna zana bangon ɗakunansu da baƙi da ja da fari. Yaronmu yana tashi tsakanin gado biyu, na gida da na maƙwabta, kuma duka biyun harshe ɗaya suke yi idan aka zo maganar tsari.

Me ya sa sai littafi?

Tambaya ce mai ma'ana. Tunda hula tana rataye a ɗaki, faifai yana kicin, me zai sa a nemi hotonsu a takarda?

Dalili na farko, littafi yana ware abu ɗaya ya tsayar da shi. A jikin hula zanen yana zagaye, launuka da yawa sun cakuɗe, maigida kuma yana sauri zai fita. A shafi ana iya miƙe zanen a layi ɗaya, a girmama shi, a cire duk abin da zai ɗauke hankali, yaro ya bi shi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe sau nawa ya ga dama.

Na biyu, juya shafi. Babu wani kayan koyarwa da ya kai shi iya haifar da jira. An nuna jeri ya zo bakin takarda ya tsaya. Amsar tana bayan shafi. Dole yaro ya yi hasashe kafin a buɗe. Idan ya dace, ya yi murna. Idan bai dace ba, a koma baya tare a duba inda ƙa'idar ta ɓuya. Masu tatsuniya sun san wannan dabara tun da daɗewa. Labaran da Gizo ke zuwa wurin wannan dabba ya faɗi magana, ya je wurin waccan ya maimaita ta, yara suna son su ne saboda a zuwa na uku sun riga mai ba da labari sanin abin da za a ce.

Na uku, littafi yana zaunar da babba da yaro wuri ɗaya, ya sa musu magana a baki. A ƙasar Holan, Marja van den Heuvel-Panhuizen ta Jami'ar Utrecht da abokan aikinta sun yi gwaji da yara 384 a azuzuwan share fage 18. An yi wata 3 ana karanta wa wani rukuni littattafan hotuna masu ɗauke da abin da ya shafi lissafi, kuma rahoton da aka buga a 2016 ya nuna sun fi sauran yaran samun ci gaba a gwajin lissafi. Karatu ne da hira a kan hoto suka yi wannan aiki.

Yadda ake karanta shi

Irin wannan littafi ba a karanta shi kamar wasiƙa, daga sallama zuwa sa hannu. Ana tsayawa, ana tambaya, ana komawa baya. Kuma akwai matakai da ya kamata iyaye su sani, domin kowanne ya fi na bayansa wuya.

Matakin farko shi ne kwaikwayo. An buɗe shafi mai cokali, kofi, cokali, kofi. A ba yaro cokula da kofuna na gaske ya jera irinsa a tabarma. Ɗan shekara 3 zai iya wannan. Na biyu shi ne ci gaba: a rufe ƙarshen jerin da tafin hannu a ce ya ƙarasa. Na uku shi ne cike gurbi da gyaran kuskure: a rufe ɗaya a tsakiya a tambaye shi me ya ɓace, ko babba ya jera nasa da gangan ya saka kuskure ya ce, "Duba mini, na yi daidai kuwa?" Ba abin da yaro ke so kamar ya kama babba da kuskure, kuma a nan ne ake jin dalilinsa da bakinsa.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali shi ne zuciyar al'amarin: sauya kaya. Shafi ya nuna farin goro ɗaya, ja biyu. A ce wa yaro ya yi irin wannan tsari da takalma da huluna, ko da jikinsa: tafi ɗaya, tsalle biyu. Ranar da ya gane cewa goro da takalma da tafi duk abu ɗaya suke faɗi, ya raba ƙa'ida da kayan da ke ɗauke da ita, kuma wannan shi ne abin da aljabara za ta nema daga gare shi bayan shekaru, lokacin da harafi zai tsaya a madadin lamba. Na biyar shi ne gano tubali: "Wane ɗan guntu ne muke ta maimaitawa? Zagaye mini shi da zare. Sau nawa ya zo?" Wannan yakan zauna ne wajen shekara 5 zuwa 6, kuma ba a yi masa gaggawa.

Akwai tarko guda biyu. Na ɗaya, a tsaya kan ja, fari, ja, fari kawai. Yaron da bai ga wani iri ba zai ɗauka tsari shi ne karɓa-karɓa tsakanin abu biyu, ya rikice da zarar an ba shi ja, fari, fari, ko ja, fari, shuɗi. A riƙa sauya tsawon tubali, kuma a maimaita shi aƙalla sau uku kafin a nemi yaro ya ci gaba, domin sau ɗaya ko biyu ba su isa su nuna ƙa'ida ba. Na biyu, a tsaya kan launi kaɗai. A kawo babba da ƙarami, tsaye da kwance, dogo da gajere, sauti mai ƙarfi da mai taushi. Tambayar da ta fi kowace amfani kuwa ita ce, "Yaya aka yi ka sani?" Sannan a kula, idan akwai mai rarrafe ko ɗan ƙasa da shekara 3 a wurin, a guji wake da tsakuwa da tsakiya, a yi amfani da abin da ba zai shiga baki ko hanci ba.

Minti 10 bayan sallar magariba sun isa. Idan yaro ya gaji a rufe littafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba da ƙarfi ba.

Maganar harshe

A nan ne lamarin ya fi shafarmu a matsayin 'yan tsiraru. Manufar ilimi ta ƙasar nan ta daɗe tana cewa a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko. Sai dai harsuna 11 da gwamnati ta daɗe tana ɗaukar nauyinsu a makarantu, irin su Twi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja, babu Hausa a cikinsu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita, kuma ita ce harshen ciniki a zangon kowane gari. Sakamakon haka, ɗanmu yana shiga ajin share fage yana ɗan shekara 4 ya tarar da Turanci da wani harshe na biyu, ya fara koyon lissafi da koyon harshen da ake koyar da lissafin a lokaci guda. 'Yan uwanmu na unguwar Birkitari a Yawunde, ko na zangon Lome, irin wannan suke fuskanta da Faransanci, na Sudan kuma da Larabci.

Idan ya riga ya san ma'anar "maimaita", "na gaba", "na baya", "tsakani", "daidai", "ƙari" da "ragi" da Hausa, kuma ya yi aiki da su da hannunsa, to abin da ya rage masa a aji shi ne sabon suna ga abin da ya riga ya sani. Wannan nauyi ne mai sauƙi ƙwarai idan aka gwada da koyon suna da ma'ana a tare.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. A gidaje da yawa Hausa ta koma harshen aike da faɗa da gaisuwa: je ka sayo, zo ka ci, bari, gaida baba. Duk abin da ya shafi tunani da bayar da dalili an bar wa Turanci. Yaron da ya tashi a haka zai yanke hukunci a ransa, ba tare da kowa ya faɗa masa ba, cewa harshen uwarsa bai isa a yi tunani da shi ba, kuma idan ya zama uba ba zai ga dalilin miƙa shi ga 'ya'yansa ba. Uwar da ta zauna da ɗiyarta suna muhawara da Hausa a kan ko kofi ne zai biyo baya ko cokali, tana yi wa harshen hidimar da taron raya al'ada na shekara-shekara ba zai yi masa ba.

Littafin da za mu yi da kanmu

Ba daga babu za mu fara ba. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na kamfanin Pratham Books a Indiya suna da littattafan yara kyauta a intanet, akwai na Hausa a ciki, kuma sun yarda a fassara, a sauya, a buga. A nan Akra, Kathy Knowles, 'yar ƙasar Kanada da ta fara karanta wa yara littafi a ƙarƙashin bishiya a 1990, aikinta ya haifar da ɗakunan karatu har da na Nima, ta kuma buga littattafan yara da hotunan rayuwar Gana ta yau da kullum. Wannan ya nuna ana iya yin littafi mai kyau da kyamara da abin da ke bakin ƙofa. Abin da muke nema shi ne littafin tsari da Hausa wanda ɗan zango zai buɗe ya ga gidansu.

Ga misalin yadda zai kasance, a shafi 12. Yarinya ce aka aika ta kai wa kakarta goro a ɗaya gefen unguwa. A shafin farko tana jera goron a faranti, fari ɗaya, ja ɗaya. Ta wuce mai koko da ƙosai, inda aka jera kofi ɗaya, ƙosai biyu. Ta wuce shagon tela, inda ratsin batakari ke tafiya baƙi, fari, shuɗi. Ta tsaya wurin maɗinkin hula, wanda ya bar gurbi ɗaya a zanensa yana tambayar me zai sa. Ta hau matakala, ɗaya, biyu, uku, tana ƙaruwa. Ta ga yayarta ana yi mata lalle, hannun dama an gama, na hagu saura rabi. A kowane wuri jerin yana tsayawa a bakin shafi, amsa tana baya. Da ta isa, sai kaka ta shimfiɗa tabarma ta ce ta jera mata goron yadda ta ga dama. Shafin ƙarshe kuwa fari ne fat, na mai littafin ne ya zana nasa. Jimla ɗaya ko biyu a shafi sun isa. A bangon baya a jera kalmomin da Hausa da Turanci, don malamin aji ya iya amfani da shi, har da Ajami don kakar da da shi ta iya karatu.

Wayar hannu za ta ɗauki hotunan, mai buga katin biki zai buga su. Wanda bai da halin wannan ma, kwali da almakashi da ƙyallayen da tela ke zubarwa sun isa a yi littafin da zai shekara a hannun yaro.

Ga masu ja da wannan ra'ayi

Wasu za su ce a fara koya wa yaro ƙirga da haruffa, su ne ake tambaya a makaranta. Ba mu ce a bar su ba. Amma duk mun san yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, a ce ya miƙo cokali 6 ya kawo 4. Aikin tsari yana sa ƙirga ta yi ma'ana, domin yaro yana ƙirga abin da yake buƙata don jerinsa ya tafi daidai.

Wasu iyaye kuma ba sa sakin jiki da hoton abu mai rai. Wannan mas'ala ce ta malamai, kuma kowane gida da fahimtar da yake bi. Abin da za mu ce kawai shi ne, a cikin dukan littattafan yara, na tsari ne ya fi sauƙin yi ba tare da surar mutum ko dabba ba. Hula da faifai da goro da zayyana sun isa su cika littafi goma.

Akwai masu cewa ai waya ta wadatar, akwai wasanni irin wannan a cikinta. Akwai su, amma waya tana gaya wa yaro ya dace ko bai dace ba, ba ta tambayarsa yaya aka yi ya sani, kuma ba da Hausa take magana ba. Sau da yawa ma ana miƙa masa ita ne don babba ya huta, alhali zaman babban shi ne rabin amfanin.

Sai masu tambayar da wace Hausa za a rubuta, tunda tamu ta zango ta sha bamban da ta Kano da ta Damagaram. A rubuta da daidaitacciyar ƙa'ida, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suke, don littafin ya yi amfani daga Kumasi har Garwa, kuma yaro ya saba da rubutun da zai tarar a sauran littattafai. Uwa kuwa ta yi hirar da bakin da take magana da ɗanta kullum. Kada gardamar karin harshe ta hana mu aikin da ba ya buƙatar kalma fiye da ɗari.

Aikin da ke gabanmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasanmu masu ɗaukar hoto da masu zane a kwamfuta, waɗanda ke yi mana katin suna da na aure, su ne za su tsara shafukan. Telolinmu da maɗinkan hula da masu kitso da masu lalle su ba da zanensu, a kuma rubuta sunan kowane zane yadda masu sana'ar ke kiransa, domin ɗinkin inji yana ta ture na hannu, sunayen suna tafiya tare da tsofaffin da suka san su. Malaman share fage da na makarantun Islamiyya su gwada littafin da yara kafin a buga da yawa, su faɗi shafin da ya rikita su. Ƙungiyoyin mata da ke tara kuɗin biki su ware kaɗan don buga kwafi 50 na farko, sarakunan zango kuma su sa albarka su ba da wurin zama.

Kafin littafin ya fito, ba sai an jira ba. Yau da dare a sauko da hula daga ƙusa, a ɗauko cokula da murafen kwalba, a kira ƙaramin gida a zauna da shi a tabarma, a jera masa uku a tambaye shi na huɗu. Wanda ya gwada, muna son jin abin da yaron ya ce, da zanen da ya fi ɗaukar hankalinsa, domin da irin waɗannan amsoshi za a san abin da ya kamata ya shiga shafin farko. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani.